Neman Muryar Inna a Titunan Yamai

Maradi

Ban jira kiran assalatu ba na bar gida, ɗiyata Nana na biye da ni da jaka tana nanata mini karatun jiya. Salula biyu gare ni. Akwai ƙarama mai tocila, wadda nake kira da ita. Akwai babba ta shafawa, ba layi a cikinta, lasifikarta ma ta mutu tun ranar da ta faɗa kwanon koko. Waƙa ɗaya ce ta sa nake riƙe da ita.

Inna ta rasu ina ƙarami, ko kamanninta ban riƙe ba. Bara na tsinci wani kaset na gidanmu a akwatin marigayi kawu, na kai kasuwa aka juye mini shi a babbar salular, rediyon mai juyin kuma ya tauna kaset ɗin a gabana. A ciki mace ce ke waƙar daka da siririyar murya, taɓare na amsa mata. Tun ranar na ce wannan Inna ce, kuma ban taɓa sauraron ta idona bai kawo ruwa ba.

Yayata Rabi da ke Gamkalley a Yamai idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Da na ba ta labari ta ce in kawo ta ji. Nana ta ce a juye a tata salular a tura, na ce a'a. Ba za a cusa mini uwa tsakanin hotunan anko ba, kuma ba za a aika ta ta iska ba, ni zan kai ta da ƙafata. Shi ne Nana ta sayo mini ekuter, abin sauraro na sawa a kunne, wasu 'yan farare biyu kamar gujiya, ba igiya ba komai.

"Baba, in ka sa su, wata mata za ta yi magana da nasaranci, wato sun gamu da salula ke nan. Sai ka taɓa na dama sau biyu, waƙa ta taso. Amma kar ka yi nisa da salular fiye da taki goma, rabuwa za su yi."

Na ce na ji, ai ba yau na fara ganin duniya ba.

Madawa zuwa Dosso

Motar babba ce mai sanyi, har da wurin cajin salula a gefen kujera. A Madawa na sayi kilishin tsaraba. A Galmi wani ya shigo da buhun albasa, muka yi ta share hawaye ba wanda ya mutu. Ni dai nawa hawayen da dalili, don Inna na ta daka a kunnena.

A shingen Konni jandarma ya tsaya kaina yana magana, ni ina gyaɗa kai bisa kiɗan taɓare. Sai da maƙwabcina ya zungure ni na miƙa katin shaida. Jandarman ya leƙa kunnena ya ce, "Baba, ciwo ne aka toshe maka da auduga?" Na ce waƙa ce. Ya ce Allah ya ba da lafiya. Mun yi azahar a Dogon Dutsi, na ci shinkafa da miyar da ba ta san nama ba, muka wuce Dosso ina barci.

Maourey

Bayan la'asar muka shiga Yamai. Na tari taksi mai jan kai, muka matsu mu huɗu a baya, wata mata ta ɗora mini kwandon tumatir a cinya ba ko sannu. Na sauka unguwar Maourey a shagon Alhaji Ilu, abokina tun muna koyon ɗinki. Sai da na zo alwalar magariba na shafa aljihu. Ƙarama na nan, ga ekuter cikin ɗan akwatinsu. Babba babu. Na zauna bisa buta har ta lotse.

"Kira ta mana," in ji Ilu.

"Ba layi ciki."

"To lambar taksin?"

"Jan kai gare shi."

Ilu ya dube ni kamar zai yi kuka don dariya. "Hamisu, duk na garin nan jan kai gare su. Direban fa, mi kamanninsa?"

Na ce ƙeyarsa kawai na gani. An kawo dambu da zogale, na kasa kai loma. Na raino muryar nan daga Maradi ban bar kowa ya taɓa ba, ga shi na bar ta a kujerar mota kamar ɓawon gyaɗa.

Kalley

Da safe maganar Nana ta dawo mini. In dai salular ta zo kusa da ni da taki goma, matar nan mai nasaranci za ta yi magana. Ilu ya ce ba taksin da zai wuni bai ratsa gefen Babbar Kasuwa ba, kuma nan cunkoso ke sa mota tafiyar hawainiya. Na sa babbar riga, na cusa ekuter, na je Kalley gefen kasuwar na kafa kaina a bakin titi. Duk jan kan da ya doso sai in sunkuya in kara masa kunne, in taɓa na dama sau biyu.

Yamai gari ne na masu tausayi, wannan na shaida. Direbobi suka yi ta tsayawa suna tambayar ina za ni, ina ce musu su wuce, ba su ba ne. Wani mai maganin gargajiya ya ba ni man kaɗanya kyauta, ya ce in ɗiga da ɗumi. Wata hajiya ta matso ta kwarma mini ihu a kunne cewa likita na can gaba. Wani mai shayi ya kawo mini benci, na ƙi zama, ya ce wa na kusa da shi dattijo ne mai kamala, ko wa ya yi masa wannan aiki oho. Rana ta take, rigar ta manne mini a baya, ni kuwa ina ta yi wa motoci ruku'u.

Azahar ta gota sai matar ta yi magana. Na taɓa, taɓarya ta sauka tim, Inna ta ɗauki waƙa. Na ɗaga kai, jan kai sun fi goma a gabana, kuma cunkoson ya fara sakewa. Na faɗa bayan wani ɗan kabu-kabu ban ko gaishe shi ba.

"Ina muka nufa, Baba?"

"Bi su! In ta yi shiru zan gaya maka."

"Wa za ta yi shiru?"

"Uwata. Ja mu tahi!"

Muka bi ayarin. A mararraba ta farko muryar ta fara yankewa, na buga masa kafaɗa na ce ba nan ta bi ba, ya juya dama. Ta dawo. Muka sake rabuwa da wasu, ta dushe, na ce ya ƙara wuta. Can ya ɗan waiwayo.

"Baba, ita tsohuwar tana cikin wace mota?"

"Ta rasu tun ina yaro."

Babur ɗin ya yi tangal-tangal. Na ji yana karanto duk abin da ya sani na neman tsari, da Hausa da Zabarmanci, amma Allah ya yi masa albarka, bai tsaya ba. A ganina tsoron tsayawar ya fi ji. Wasu raƙuma ɗauke da tabarmi suka gitta mana, kafin su gama yangarsu Inna ta yi tsit. Muka miƙe hanyar da ta gangara kogi, ni ina taɓa kunne, ba kowa.

Gamkalley

A bakin lambuna ya sauke ni, ya ƙi karɓar ko dala, ya ce in dai gaishe ta. Matar nasara ta sake magana, amma wannan karon da wata 'yar ƙara, abin da Nana ta ce alamar batir ya kusa ƙarewa ce. Na tsaya tsakanin fagagen salak da kabeji, ga gidan Yaya can ba nisa, ba ni da abin kai mata sai kilishi, ita da ba haƙora. Kunya ta rufe ni, na ce bari in gangara bakin ruwa in wanke fuska tukuna.

Ban kai ruwan ba matar ta sake magana, na taɓa, taɓarya ta sauka a kunnena. Ga wani jan kai ƙofofi a wangale, direba ya ɗaga bokiti zai sheƙa wa kujerar baya, wai ruwan tumatir ya ɓata masa ita tun jiya. Na ruga ta cikin fagen salak ɗin mutane ina ihu, "Kar ka jiƙa mini uwa!" Ya daskare da bokiti a sama. Na cusa hannu a tsagar kujera na zaro salulata, 'ya'yan tumatir manne a gilashinta. Direban ya juya zai tafi, na ga ƙeyar, ita ce. Na ce masa fofo, godiyar Zabarmawa, ya fi sau nawa, na biya mai lambu salak ɗinsa da haƙuri.

Yaya Rabi na zaune bisa tabarma a inuwar zaure. Ta shafa fuskata ta ce na tsufa. Na sa mata ekuter ɗaya, na riƙe ɗaya, na taɓa. Ta saurara kaɗan, sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce.

"Hamisu, wagga ai ni ce. Inna ba ta taɓa waƙa ba, ko ta raino. Ni ce nan ina budurwa, ranar da kawu ya zo da rediyonsa."

Na tsura mata ido. Shekara guda ina kuka da muryar matar da ke zaune da ranta tana mini dariya. Na kai hannu zan kashe, don waƙar ta ƙare, saura hayaniyar tsakar gida wadda kullum nake tsallakewa. Yaya ta riƙe mini hannu.

"Bari. Saurara."

Cikin ƙarar kwanuka wata murya mai kauri ta taso daga nesa, a fusace: "Wa ya bar Hamisu bakin murhu? Ku ɗauke mini yaro!"

"Ga Inna nan," in ji Yaya. Ta daina dariya.

Muka maimaita wurin, muka sake, har ekuter suka mutu a kunnuwanmu. Ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinta ba sai ranar.

Komawa

Kafin in bar Gamkalley na sa jikokin Yaya suka juye abin a duk salular da ke gidan, har da ta maƙwabta. Na kwana biyu, Yaya ta rera mini sauran waƙar da kaset bai ɗauka ba, muryar ta kakkarye amma ita ce. Na iso Maradi lafiya da yamma, Nana na jira a tasha. Na miƙa mata salular na ce ta juye a tata, ko tsakanin hotunan anko ne.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni. Ina gode wa Alhaji Ilu, da direba mai bokiti, da ɗan kabu-kabun da ban san sunansa ba. In wannan ya iske shi, ya sani na isar da gaisuwarsa. Inna kuwa har yau faɗa take a kunnena, wai a ɗauke ni daga bakin wuta.