Tsagar Bangon Ɗakin Haihuwa

Duk wanda ya san cocin nan ya san Baba Mai Fenti. Ko bai riƙe fuskarsa ba ya riƙe wandonsa, wanda babu launin da bai taɓa ɗiga a kai ba. Yana saurayi aka ƙulla zumunci tsakanin dayosis ɗinsu, wato coci-cocin Katolika da ke ƙarƙashin Bishop ɗaya, da wata dayosis ta ƙasar waje, can inda sai an hau jirgi. Mutanen kirki ne, wannan kam ba a musu. Su suka haƙa rijiyar makaranta, su suka gina ƙaramin asibitin da ke bayan coci, kuma duk bayan 'yan shekaru sukan turo baƙi su zo su ga 'yan'uwa. Na nan ma sukan je can. Baba dai ko filin jirgi bai taɓa takawa ba, rabonsa a zumuncin shi ne bokiti da buroshi.

Da zarar an ce baƙi na tafe, Fada, limamin cocin, zai aika a kira shi. A shafe coci, a shafe makaranta, a shafe asibiti, har duwatsun bakin hanya sai an yi musu farar ƙasa, sai ka ce su ma za su gaisa da baƙin. Da wannan aikin ya yi aure, da shi ya ciyar da 'ya'ya, har kansa ya yi fari fat, abokai suna tsokanarsa wai ba tsufa ba ne, ragowar aiki ce. Ya daɗe yana alfahari da sana'arsa.

Bangon ɗakin haihuwa ne ya cire masa alfaharin. Tsaga ce ta fara daga kusurwar taga, siririya kamar zare. Ya cusa siminti ya shafe, baƙi suka zo suka yaba suka tafi. Damina ta wuce, tsagar ta dawo da faɗin yatsa. Ya sake cusawa, aka sake yabawa. Bana kuwa tafin hannunsa na shigewa gaba ɗaya, kana tsaye a ciki kana hango masu wucewa. Kuma a gindin bangon nan autarsa take wuni, don ita ce ungozomar asibitin, teburin awon jarirai ma jingine yake da shi.

Da Fada ya kira shi, bai ko ajiye tsani ba ya ce, "Fada, bangon nan ba fenti yake nema ba, a rushe shi a sake gini. A bar baƙin nan su gani da idonsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Fada, wanda bai wuce sa'ar ɗan Baba na fari ba, ya sosa ƙeya. "Baba, na ji ka. Amma mutum ya taso daga uwa duniya ya zo gidanka, ka tare shi da tsaga? Su ce abin da suka ba mu mun lalata? Bari su tafi, sai mu san abin yi."

"Haka Fadan da ka gada ya ce. Shi ma abin da ya tarar ana faɗa ke nan."

Baba ya fita yana huci. Ya shafe ko'ina tas, ya bar bango ɗaya tak. A gida matarsa, shugabar matan coci, ta riƙe haɓa da jin labarin.

"Baban Auta, kai kaɗai ne mai gaskiya a garin nan? Za ka kunyata coci gaba ɗaya a gaban baƙi?"

"Coci ba ya wuni a gindin bangon nan, Maman Auta. 'Yarki ce ke wuni."

Ta yi shiru, shi kuma ya ɗauka ya ci nasara. Bayan duk shekarun auren nan, wai har yanzu bai san shirun matarsa ba.

Ranar da baƙi suka iso, ya bi ayari zuwa ɗakin haihuwa da rigarsa ta Lahadi. Yana shiga ya ja ya tsaya. Wani ƙaton labule mai furanni ya sauko daga sama har ƙasa, ya rufe bangon ruf, an ma ajiye tukunyar fure a gabansa. Ɗinkin bakin labulen kuwa ko a mafarki ya san hannun da ya yi shi. Aikin matarsa ne. Ya ratsa mutane a hankali, ya je ya kama gefen labulen. Fizga ɗaya kawai ta rage.

"Abokina!"

Fada Dogo ne, tsohon da ke jagorantar baƙin tun zuwan farko, yanzu har ya ranƙwafa yana dogara sanda. Ya miƙa wa wani sandar, ya kama hannuwan Baba duka biyu, idonsa ya ciko don murna. Da 'yar Hausarsa da ya tsinta a shekarun nan ya ce, "Ina aiki? Ina iyali? Komai lafiya?"

"Lafiya lau, Fada. Mun gode Allah."

Kafin Baba ya ankara maganar ta riga ta fita, da murmushinta da komai.

Fada Dogo ya juya ga jama'a bai saki hannunsa ba. Ya ce a duk abin da zumuncin nan ya haifar, babu mai faranta masa rai kamar asibitin nan, kullum ya zo fes yake tarar da shi. Tunda asibitin ya tsaya da ƙafafunsa, taimakon wannan karon za a kai shi wani coci can bayan kogi, inda rufin makaranta ya yaye. Aka yi tafi raf-raf. Aka jera kowa a gaban labule don hoto, aka sa Baba a tsakiya.

Baƙi suka wuce ɗakin magani. Auta ta karɓi wani jariri daga hannun uwarsa ta kwantar a kan teburin awo, iskar da ke shigowa ta tsagar tana ɗan kaɗa labulen a bayanta. Baba ya tsaya yana neman wanda zai sauke wa fushinsa. Fada ya bi baƙi, matarsa na can tana raba ruwa, kuma ko sun tsaya me zai ce musu? An tambaye shi ido da ido, yana tsaye a jikin labulen, shi da bakinsa ya ce lafiya lau.