Kalmar Yau a Madubin Mai Aski

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar mai askin nan na bakin titi ya san ba kai kaɗai ake gyarawa a shagon ba, har da baki. Shekara talatin, kowace safiya kafin ya kunna injin aski, sai ya ɗauki guntun sabulu ya rubuta kalma ɗaya a saman madubi. Yau "marmaro", gobe "ƙasaita", jibi "ɗoki". Daga tsofaffin waƙoƙin da ya cika kwali biyu da kaset ɗinsu yake tsinto su. In ba ka san ma'anar ba, ka shiga uku! Zai ajiye almakashi, rabin kanka a aske, ya rera maka baitin da kalmar ta fito, ya ɗora da labarin ranar da ya fara jin waƙar. In kuwa ka yi karambanin taya shi ka tsallake baiti, sai ya ɗaga yatsa: "Ba haka ba ne!" Ya koma farko.

Matarsa ta fi kowa shan wannan "ba haka ba ne". Har ta kan ce da ana sayar da shiru a kasuwa, da ta sayo masa buhu.

To, bara sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ƙafa ta dawo, hannu ya ɗan dawo, magana kuwa shiru. Likita ta ce a riƙa koya masa kalma ɗaya kullum. Matar ta sa aka ciro madubin shagon aka jingina a gaban kujerarsa a falo, ta ɗauki sabulu ta rubuta "ruwa".

"Malam, ce ruwa."

Leɓensa ya yi rawa, ya kau da kai. Haka aka yi wata huɗu. Tsoro ya kama ta sosai, kada ta bar duniya ba ta ƙara jin muryar nan ba.

Ran wata Talata da hantsi, ta gaji da su "ruwa" da "kofi". Ta rubuta "marmaro" don kanta kawai, ta kama goge tebur tana rera waƙar da ya riƙa kunna mata lokacin da yake neman aurenta. Ta gama baiti na farko, ta faɗa na uku kamar yadda ta saba.

"Ba... haka... ba ne."

Tsumman ya faɗi daga hannunta.

"Malam! Me ka ce?"

Yatsansa a sama. Da murya a dishe ya ja baitin da ta tsallake: "Ke ce marmaro a gindin dutse, na sha na manta tafiya." Ko kalma ɗaya bai yar ba.

Wayyo daɗi! Ta yi ihu har maƙwabciya ta shigo da ludayi a hannu, tana zaton gobara ce. Ta kira babbar 'yarsu a waya, kuka da dariya sun haɗe mata: "Babanku ya gyara min waƙa! Wallahi ya gyara min!"

Yanzu kalmominsa sun haura ɗari, duk daga waƙa suka dawo. Kullum da safe ita ke rubutu a madubi, ta rera, ya ɗaga yatsa. Baitin nan na biyu ta san shi sarai. Tsallake shi take yi, kuma ta rantse ba za ta daina ba.