Gyaɗar Ɗan Azumi Ta Juya Kudu

Buhun gyaɗa ya fashe a ƙofar kantin Nasara a Magariya, mai shi kuma ya zauna daɓas a ƙasa, wando ya yage ta inda ba a faɗa. Gardin da ke tsaron kantin ne ya hankaɗo shi saboda ya biyo ta ƙofar gaba, alhali baƙar fata ta baya suke zagayawa, ta wajen kwata.

Dattijo ne siriri kamar sandar kiwo, da ɗan gemun da ko bunsuru zai raina. Wata mai fura ta ce sunansa Ɗan Azumi, daga Dogo-Dogo. Wanda duk ya dubi tafin hannunsa ya san noman bana kaf ne ya zube nan, kuma akwai bakuna a gida suna jira.

Bai zagi kowa ba. Ya kwance rawani ya ɗaura a ƙugu, ga shi nan yana tsince gyaɗarsa yana hure ƙasa. Matan da suka sha dariya sun durƙusa suna taya shi. Ya ɗinke buhu, ya labta wa jaki, ya juya kudu, hanyar ƙasar Ingilishi. Ya sani sarai in 'yan duwan masu tsaron iyaka suka tare shi, jaki da gyaɗa sun tafi ke nan.

Mai awo ya leƙo ta taga. "Baba, ina zuwa? Zagayo ta baya mana a auna maka!"

Ɗan Azumi ko waiwaye bai yi ba. "Yaro, gaya wa maigidanka baƙin hannu ne ya noma ta. Kada ta shiga ta ɓata masa kanti."