Kurɓin Ruwa a Taron Likitocin Maƙoƙo

Wata Asabar da hantsi, likitocin maƙoƙo suna taron ƙungiyarsu a Gummi, ni kuma na je ɗauko wa rediyo rahoto. Dattijon da ke shugabantarsu ba ya buɗe taro sai kowa ya kurɓi ruwa, ya duba wuyansa. Likitocin suna ta gunagunin ɓata lokaci, shi kuwa ya miƙo mini kofi.

"Baba, ni aiki ya kawo ni."

"Ai da muryagga kike aikin, ɗiyata. Haɗe in gani."

Yatsunsa masu sanyi suka tsaya kan wani ɗan ƙullutu. Aka cire shi da wuri, muryata ba ta taɓu ba. Da ita na karanta sanarwar rasuwarsa, bara warhaka. Allah ya haskaka makwancinsa.