Gansakukar da Gwaggo Ta Bar Mini

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don gudun kada a yi mini dariya. Yau shekara guda da rasuwar gwaggona ta Birchi. Ita ce mai kankaro busasshiyar gansakukar da ke manne jikin duwatsu, ta jiƙa da ruwan toka har ya yi ja, yana ƙanshin ƙasar farkon damina, ta wanke wa masu gyambo. Da ƙafafunta suka gaza hawa, sai ta sa aka ɓantaro mata ɓangaren dutse mai gansakukar, ta ajiye cikin kasko a inuwar rumbu, kullum tana yayyafa ruwa.

Wata rana na ce, "Gwaggo, damina uku ke nan, gansakukar nan ko faɗin farce ba ta ƙara ba."

Ta ce, "Ku 'yan makarantar Nasara, komai sai kun auna. Ita ta san ana jiranta ne?"

Yanzu kaskon yana wurina a Dutsin-Ma, gansakukar kuwa sai baƙi take yi. Na rage ruwa, na ƙara, na sauya inuwa, na gaji. Allah ya sanyaya makwancin Gwaggo. Wanda ya san yadda ake rayar da ita, don Allah ya sanar da ni kafin ta mutu a hannuna.