Bikon Malam Metafo

A Dangora aka haifi Malam Maikano, a nan kuma ya koyar da Turanci har furfura ta cim masa. Ba ya shan taba, ba ya cin goro. Aibinsa ɗaya ne: ba a yin magana a gabansa bai raɗa mata suna da Turanci ba. In mai nama ya ce tsirensa ya yi laushi kamar auduga, sai Malam ya ɗaga yatsa ya ce simili ke nan. Liman ma bai tsira ba, don an taɓa jin Malam a sahu na biyu yana ƙirga adon maganar huɗuba. Ɗalibai suka sa masa Malam Metafo, wato sunan siffantawa da Turanci, ya karɓa kamar sarauta.

Matarsa Tasalla ta daɗe tana haƙuri. Ran nan tana kuka ta ce ta gaya masa sau dubu ya gyara rufin ɗakin girki, shi kuwa ya bayyana mata cikin natsuwa cewa wannan haifaboli ne, wato zuguiguita magana. Kafin la'asar ta yi yaji zuwa gidansu a Burumburum.

Da tuwon maƙwabta ya ishe shi, ya hau babur ya tafi biko, bayan amininsa Ubale ya rantsar da shi cewa ba zai yi Turanci ba. Surukinsa Baffa Ja'afar, dattijo mai nauyin kunne, ya zaunar da shi a zaure ya shiga nasiha. Ya ce aure rijiya ce, mai haƙuri ke shan ruwanta. Malam ya cije leɓe. Baffa ya ce mace fitilar gida ce. Gumi ya karyo wa Malam. Da tsohon ya kai ga harshe da haƙori, abin ya fi ƙarfinsa.

"Metafo," in ji Malam, murya na rawa.

"Ta tafo?" Baffa ya karkato kunne. Ganin idon surukin nasa ya yi ja, tausayi ya kama shi, ya aika ciki a ce wa Tasalla ta ɗauko mayafinta, bawan Allah ya yi nadama.

Ta fito da ƙullin kayanta, ta tsaya a gefen babur tana dubansa.

"Malam, Baffa ne ba ya ji. Ni ina bayan ƙofa, kuma kunnena garau."

Malam Maikano ya buɗe baki, ya dubi ƙullin kayan, ya rufe. Sai da ta tabbata ya rufe ɗin sannan ta hau.