Gaisuwar da Na Haɗiye a Fakku

Har gobe ban manta da ranar da na haɗiye gaisuwa a Fakku ba. Ku da kuka kama aiki kwanan nan ku matso ku ji, don wannan ba a koya muku shi a makaranta ba.

Lokacin ina ɗakin kati na wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Tambuwal. Aikina in buɗe wa mara lafiya kati, in ba shi lamba, in shigar da bayaninsa a kwamfuta. Likita ya kafa mana doka: kowa da kalmar sirrinsa, ba a ara wa wani, ba a ambaton ciwon mutum gaban jama'a, kati kuma ba ya kwana kan tebur. Kun san ni da surutu, amma a nan ba na wasa. A ganina in na kulle durowa na kashe kwamfuta, to na gama tsare amanar mutane.

Akwai wata mata, bari in ce mata Hurera, ba sunanta ke nan ba. Duk wata takan hawo babur tun daga Fakku ta ƙasar Kebbe, ta wuce asibitocin da ke kusa da ita, ta zo wurinmu karɓar maganin farfaɗiya. Maganin ya karɓe ta, ta daɗe rabonta da faɗuwa. Sana'arta tuyar masa, da ita take ciyar da marayunta. Ta taɓa raɗa mini cewa in mutanen garinsu suka ji, ba mai sake cin abin hannunta, don a wurinsu ana ɗaukar ciwon ta yawu. Mu mun san ba a ɗauka, amma je ka gaya wa mai saye.

Ana tsakiyar damina aka yi haihuwa a danginmu na can, na raka ƙanwar babana, Goggo Asabe, suna. Hanyar nan har yau takan zo mini kamar mafarki. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, gero ya fi mu tsawo dama da hagu, ƙasa sai ƙamshi take, balbelu na tashi daga fadama suna sauka ba gaggawa. Hadari ya koma gabas ya yi zamansa. Na manta da asibiti, na manta da kati, har gyangyaɗi na yi a bayan mai babur.

Muna shiga gidan suna na hango Hurera cikin hayaƙi, durƙushe gaban tanda, mata sun kewaye ta da kwanoni. Muka haɗa ido. Cokalin da ke hannunta ya tsaya, mai yana ta ƙara shi kaɗai.

Wallahi "ya jiki?" ta riga ta zo mini leɓe. Mu nan, ka ga wanda ka san ba ya da lafiya ka ƙi tambayar jikinsa, ai rashin tarbiyya ne, da haka aka raine mu. Amma da na faɗa, mata za su ce jikin me, kuma daga bakin ma'aikaciyar asibiti. Na haɗiye ta da ƙyar. Na yi mata sannu da aiki irin ta baƙo, zan wuce.

Sai kakar jariri ta tare ni, ta ce, "Ke da ka aikin asibiti Tambuwal, ba ki san Hurera ba? Kowane wata tana can, wai sayen shinkafa."

Masa tana ƙonewa, mai ita ba ta juya ba.

Na ce, "Tambuwal garin kasuwa na, Inna, wa ka iya sanin kowa? Ni dai ƙamshin masar ga ya hana ni sukuni, a zuba mini."

Na zauna nan gefenta na yi ta ci, har mata suka fara tsokanata wai ko maigidana horon yunwa yake mini. Aka yi dariya, kwanoni suka ci gaba da miƙowa.

Da muka fito Goggo ta wanke ni tas. Ta ce baiwar Allah tana kallona kamar tana son mu gaisa sosai, na yi mata gaisuwar fatar baki, aikin asibiti ya sa mini girman kai. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don Goggo ce ta goye ni. Haƙuri kawai na ba ta.

Da wata ya zagayo na yi ta duban ƙofa, ina tsoron kada Hurera ta daina zuwa. Sai ga ta. Ta miƙo katinta, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ranar nan numfashina tsayawa ya yi. Da kin ce min ya jiki, da ban ƙara hura wuta Fakku ba."

Na tashi na tura ƙofa, na dawo na riƙe hannunta na ce, "To yanzu fa, ya jiki?"

Ta ce da sauƙi, tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

Abin da na koya ke nan: a aikinmu sirrin mutum ya fi saurin fita ta bakin mai nufinsa da alheri. In kun haɗu da mara lafiyarmu a kasuwa ko gidan biki, ku bari shi ya fara nuna ya san ku. In bai nuna ba, ku yi masa sannu ku wuce, ko da goggonku za ta ce ba ku da kirki.